Ban Haɗa Ja da Baƙi Ba

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Littafin da nake rubuta lambobin masu kawo gyara ne wannan, na juya shi ta baya. Ba ni da wanda zan gaya wa, to bari in gaya wa takarda.

Batirin mitata, wadda nake gwada waya da ita, a mace yake.

Yanzu na gane. Wata mata ta kawo fanka wai ba ta tashi. Na ɗora mita a kan fiyus, allura ko gezau. Na ce fiyus ne. Na ciro sabo dal daga leda na gwada shi, don kawai hannu ya saba, shi ma ko gezau. Sai a lokacin na haɗa bakin wayoyin mitar guda biyu, ja da baƙi, abin da ya kamata in fara yi ke nan. Allura ba ta motsa ba. Na kwance bayanta na tarar batirin ya kumbura, farin gari ya cinye ƙarfen da yake zaune a kai. Wannan ba mutuwar jiya ba ce, ba kuma ta shekaranjiya ba.

Sati uku na yi ina wayarin a wani gini, mitar tana kwance a durowa. Ita irin wannan mai allurar, auna wutar soket ba ya cin batir, shi ya sa ba ta nuna mini alama ba. Wajen duba ko waya ta tsinke, ko ta taɓa inda bai kamata ba, nan ne take buƙatarsa. In ya mutu allura sai ta kwanta. Kwanciyar allura kuwa ita muke karantawa da cewa babu taɓawa, lafiya lau, ɗauki kayanka.

Ranar Litinin na gyara dutsen gugar mijin Yaya. Ranar Talata wuta ta ja shi yana guga, ya faɗi.

Na ce wa mai fanka ta dawo gobe. Na ja ƙofar shago rabi, ga ni zaune.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ba lallai ne dutsen ba. Daɓen shagonsu ma ai a jiƙe yake.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na dawo daga asibiti. Gadon mijin Yaya na kusa da taga ne. Yau ya buɗe ido ya gane mu, amma magana ba ta fita sosai. Hannun daman an naɗe shi har gwiwa, kan ma an naɗe inda ya bugu da bakin tebur. Mutumin da duk layin shagunansu ke kira Sitati, saboda rigarsa ma in ya cire ta sai ta tsaya da kanta, yau ga shi cikin rigar asibiti duk a yamutse. Na kasa kallonsa, na koma kallon robar ƙarin ruwa.

Yaya tana kan benci a waje. Ta rame cikin kwana huɗu. Ina zama ta kama hannuna ta ce, “Ni ce, Auta. Ni na wanke daɓen. Ya ce in bari sai yamma, na ce warin sabulu ya ishe ni. Ya shigo ba takalmi.”

Shekarata arba'in da shida, ga furfura, ga 'ya'ya huɗu, har yanzu Auta nake a bakinta. Ina ɗan shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ita ta goya ni, ita ta ja ni da kunne ta kai ni koyon gyara. Shagon wanki da gugar nan su biyu suke riƙe da shi shekara ashirin da wani abu, ita wanki, shi guga.

Me na ce mata? Na ce ta yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara. Bakina ne ya faɗa, ina ji. Har da gyaɗa kai.

Shagon nasu a kulle yake tun ranar. Makullin yana jakarta. Dutsen yana ciki, inda maƙwabta suka ajiye shi bayan sun kashe wuta. Tunda a kulle yake, ba wanda zai taɓa.

Lahadi, bayan la'asar

Na sayi sabon batir na kankare garin nan na sa. Allura ta tashi tsam kamar ba ita ba. Na gwada, na sake gwadawa. Kafin in ɗora ta a kan komai sai in haɗa ja da baƙi sau uku, in na gama in sake haɗawa, sannan in zauna ina tunanin ko a tsakanin ne ta mutu ta farfaɗo. Tukunyar shayi ɗaya ta ci mini awa guda. Mai ita har ya tambaya ko lafiya.

Wallahi na tsani mitar nan. Shekara goma sha bakwai tana hannuna, na fi kula da ita a kan takalmina, ta kalle ni ta yi shiru.

Na yanke shawara. Zan haɗa abin gwaji da ba ruwansa da batir, wanda ƙarfinsa zai fito daga hannuna, in san ina ba shi ko ba na ba shi. In na gama, da shi zan je in gwada dutsen. Ba zan tayar wa Yaya da hankali a kan zato ba. Sai na tabbatar.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Ban je asibiti ba. Aiki.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na fara da laita. Akwai wani ɗan abu a cikin laitar murhu wanda in an danna yake tartsatsi, ba batir a ciki. Na farke guda biyu, na jona masa waya da ɗan ƙwan lantarki irin na jikin caja, na danna. Ya ja ni a yatsa har na yi ashar, mai sayar da katifa na kusa da ni ya leƙo yana dariya, wai yau wuta ta rama.

Ban yi dariya ba. Shi ma ya tuna, ya shanye tasa ya koma.

Abin bai yi ba. Tartsatsin yana tsallake gurbi, ko waya a tsinke take sai ya haura ya nuna wai a haɗe take. Wannan ma maƙaryaci ne, sai dai ƙaryarsa ta juya baya. Ƙwai uku ya ƙona mini. Na share su zuwa kwandon shara.

Sati ɗaya yau.

Laraba, da safe

Uwar yara ta ce ina magana cikin barci. Na tambaye ta me nake cewa, ta ce in ci abincina.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Yau na ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata tsohuwar rediyo da mai ita bai dawo ba tun shekara uku. Irin wannan inji in ka ba shi wuta ya juya, in kuma ka juya shi ya ba ka wuta. Na jona waya ɗaya da ƙwai, daga ƙwan zuwa bakin gwaji, ɗaya wayar kai tsaye. In abin da nake gwadawa a haɗe yake, wuta za ta zagayo ƙwai ya kama. A takarda abin ya yi kyau.

A hannu kuwa sai ka murza shi da gudu kamar mai neman wuta da tsinke kafin ƙwan ya ɗan yi ja-ja, shi ma sai ka rufe shi da tafin hannu. To hannu nawa gare ni? Ɗaya murzawa, biyu riƙe waya, ɗaya yin inuwa. Na naɗa masa zare ina fizga, zaren ya tsinke, injin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kabad.

Ina durƙushe ina lalubensa sai Litinin ɗin nan ta dawo mini gaba ɗaya. Bari in rubuta ta sau ɗaya in huta.

Sitati ya kawo dutsen da hantsi, babban nan mai jikin ƙarfe, wayarsa ta ƙone daga gindi. Na yanke na sa sabuwa. Yana tsaye a kaina yana tsiya, wai kayan wani ango ne ke jiransa, wai ni gyarana sai an yi mini kiɗa, wai da Yaya ta san haka zan zama da ɗinki ta kai ni. Ina ramawa, ina ɗaure noti. Na rufe, na ɗauko mita, na ɗora ja a ƙafar filogi, baƙi a jikin ƙarfen. Allura ta kwanta. Na koma ɗaya ƙafar, ta kwanta. Na miƙa masa na ce tafi ka ba ni wuri.

Ban haɗa ja da baƙi ba kafin in fara. Ni da na taɓa korar mutum daga shagon nan a kan wannan. Daƙiƙa biyu ne. Ina tsakiyar ba shi amsa a kan maganar ɗinki.

Juma'a, ƙarfe goma

Makullin yana wurin Yaya. Ba wanda zai taɓa.

Asabar, ƙarfe ɗaya da rabi

Na je. Ya fara shan abu da cokali, likita ya ce kan ya yi sauƙi. Hannun ne ba su ce komai ba, kuma na lura in an tambaya sai su duba takarda.

Ƙanwarsa ta zo daga garin da take aure. Mace ce mai baki, tun da can ba sa shiri da Yaya. A gabana, tana zuba ruwan zafi a kofi, ta ce wa iska ita dai ba ta taɓa ganin inda ake malale ɗaki da ruwa ana guga a ciki ba, sai a gidan masu tsabta. Yayar da na sani da ta wanke ta tas a wurin. Yau sai Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce, “Gaskiyarki.”

Jinina ya tafasa. Na buɗe baki zan yi wa matar nan kaca-kaca, sai na tuna da me zan kare Yaya. Abu ɗaya ne kawai zai kare ta, yana cikin bakina. Na rufe bakin. Na ce bari in je in sayo ruwa, alhali ga ruwa katon guda a ƙarƙashin gado.

Abincin da uwar yara ta aika, na dawo da shi yadda na kai shi. Yaya ta ce ba ya wucewa.

Lahadi

Na wuni a shago. Ba abin da na gyara.

Litinin, ƙarfe huɗu

Mai Kwafi, wanda shagonsa na fotokwafi ke kallon nawa, ya ƙetaro ya ce kwana biyar yana ganina ina murza abu kamar mai kaɗa miya, ko na samu taɓin hankali ne a sanar da dangi. Na gaya masa abin da nake nema, ban gaya masa dalili ba. Ya ce in batir ne matsalata ya saya mini kwali guda sadaka. Na ce ya riƙe sadakarsa.

Ya tafi, can sai ga shi da matacciyar firinta a ka, ya dire mini a tebur, tawada ta ɓata mini riga. Ya ce a cikinta akwai injin da ke jan takarda, ba irin na rediyo ba ne, shi taki-taki yake tafiya. Ya taɓa juya shi da hannu waya ta ɗan lashe shi a yatsa.

Na farke ta. Ɗan dunƙule ne mai nauyi, girman kwalin ashana biyu, wayoyi huɗu. In ka juya shi kana jin ƙis-ƙis-ƙis a yatsa. Na ɗora ƙwai a kan waya biyu na juya a hankali, da yatsa biyu kawai. Ƙwan ya kama, jajir, da rana tsaka.

Na yi murna, kunya ta zo ta same ni a kan murnar. Mai Kwafi ya ce in na yi arziki da shi kada in manta wanda ya ɗauko gawar.

Talata, ƙarfe sha biyu da kwata

Wani abu ya faru.

Wayoyin huɗu biyu-biyu suke, ina neman wace ce abokiyar wace. Na cire ƙwan, na haɗa bakin waya biyu tsirara na murɗe su, na juya injin ba da wata niyya ba. Sai ya yi nauyi. Kamar wani ya riƙe shi daga ciki. Na raba wayoyin, ya saki, yana juyawa sakayau. Na haɗa, ya cije. Na yi haka ya fi sau talatin.

Ashe ba na ma buƙatar ƙwai. In hanya a haɗe take, wutar da na haifar da hannuna tana zagayowa ta dawo ta yi gardama da hannun. Ƙwai yana iya ƙonewa ya yi shiru, in ɗauka lafiya. Wannan ba abin da zai mutu a cikinsa, waya ce da maganaɗisu. Ba zai kama ɗan ƙaramin yoyon wuta ba, na sani, wannan aikin wata na'ura ce. Amma waya ta tsinke ko ba ta tsinke ba, ta taɓa ƙarfe ko ba ta taɓa ba, zai gaya wa yatsunka ko da idonka a rufe.

Na samo kwalin sabulu na roba na huda, na zaunar da injin da gam. Na cire abin murɗa tasha na rediyon nan na sa masa a kai. Wayoyi biyu, ja da baƙi, kowace da ɗan maƙalin ƙarfe mai haƙora a baki, don hannu ya huta. Sauran biyun na naɗe su da salatif.

Ya kammalu. Sati biyu yau.

Laraba, ƙarfe tara

Gam bai gama bushewa ba. Gobe.

Alhamis, bayan azahar

An sallame shi. Ni na ɗauko su a motar haya. Yana tafiya da ƙafarsa, magana tana fita amma a hankali, kamar yana zaɓo kalmomin daga nesa. Yatsu uku na hannun dama ba sa lanƙwasuwa. Da wannan hannun yake fitar da karin wando da mutane ke tahowa daga wata unguwa dominsa.

Muna shiga ɗaki aka zaunar da shi, Yaya ta durƙusa a gabansa, a gaban ƙanwarsa, a gabana. Ta ce ya yafe mata. Ya daɗe yana haɗa maganar, sannan ya ɗora hannun hagu a kanta ya ce, “Na yafe.”

Ina tsaye riƙe da ledar magunguna.

Da zan tafi ta rako ni ƙofa ta ce ran Litinin za ta buɗe shago. Kayan mutane sun yi sati biyu a ciki, ana ta bugo waya. Wankin nata ne dama, gugar ma za ta kama, ai ta ga yadda yake yi shekara ashirin. Ta ce daɓen kuwa ko zai yi baƙi ƙirin ba za ta ƙara zuba masa ruwa ba.

Na ce to.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mun yi da uwar yara. Ina zaune ina gwada wayar tukunyar shinkafa da kwalin sabulun, ta tsaya a kaina ta ce na gwada firji, na gwada fanka, na gwada cajar kowa a gidan nan, saura me? Na ce ba ta san aiki ba. Ta ce aiki kam ba ta sani ba, amma shekara ashirin tana kwana kusa da ni, kuma sati biyu ke nan ina kiran ja da baƙi cikin barci.

Na daka mata tsawa. Ta jira na gama. Ta ce tun ranar da na dawo na ƙi cin abinci ta haɗa lissafinta, ta yi shiru ne tana jiran in yi abin da ya dace da kaina. Wai batir a shagon bakin titi yake, da gwaji nake so da tuni na gwada. Wannan kwalin ba don in gwada na haɗa shi ba, don in samu abin yi ne kada in je.

“Ran Litinin matar da ta goya ka za ta kama dutsen nan da hannunta,” in ji ta. “In ba ka faɗa ba ni zan faɗa.”

Na fita na zagaya layinmu sau biyu. Gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Asabar, ƙarfe goma

Akwai hanya. In karɓi makulli in ce zan duba wayarin shagon kafin ta buɗe. In dutsen ne, minti biyar na gyara. Ba wanda zai ƙara jin ciwo, ba wanda zai sani. Uwar yara ma zan ce mata na gwada lafiya lau.

Ai amfanin dai kada a sake. Ko ba haka ba?

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta ba ni makullin ba musu. Har da sa mini albarka.

Shagon yana warin rufi da sabulu. Kaya a ƙulle a kan kanta, kowane da 'yar takardarsa. Takalminsa yana bakin ƙofa a jere, inda ya cire. Dutsen yana kan tebur, wayar da na sa masa sabuwa fil.

Na haɗa ja da baƙi, na juya. Nauyi. Na raba. Na maƙala ja a ƙafar filogi, baƙi a jikin ƙarfen. Na yi bisimilla na juya.

Ya cije.

Ban ma yi mamaki ba. Na zauna a kujerarsa. Na san abin da zan gani in na buɗe, rigar waya ta zame lokacin da nake ɗaure noti, tsirararta tana kwance a jikin ƙarfe. Na ciro sukudireba na ɗora a kan notin farko. Minti biyar.

Daga inda nake ina hango bokitin da tsumman goge daɓe a lungu. Wani ya kife bokitin ya ɗora masa bulo a kai. Na san ko wace ce. Ta zo ɗaukar kayan sawarsa washegarin abin, ta tsaya ta yi wannan.

In na gyara dutsen yau, har ta mutu ita ce ta wanke daɓe.

Na mayar da sukudireba aljihu. Na cire fiyus ɗin shagon gaba ɗaya na taho da shi, ga shi nan a gabana. Dutsen na bar shi yadda yake.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na riga su zuwa. Ƙarfe bakwai sai ga su, ita a gaba, shi a baya yana takawa a hankali, wai zaman gida ya ishe shi, zai zauna yana nuna mata. Na buɗe musu. Ta danna makunni ba wuta, na ce ni na cire, akwai abin da zan nuna mata tukuna.

Na ajiye kwalin sabulun a tebur. Sitati ya kalla, bakinsa ya ɗan karkace, ya ce, a hankali, “Wanka... za ka yi?” Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa.

Na ba Yaya abin murɗawar na ce ta juya. Ta juya, sakayau. Na haɗa bakin wayoyin biyu na ce ta sake. Ta ce ya yi nauyi. Na ce to haka yake yi in hanya a haɗe take. Na raba su. Na maƙala ɗaya a filogin dutsen, ɗaya a jikin ƙarfensa, na gaya mata tsakanin waɗannan biyun bai kamata a samu hanya ba ko kaɗan, in dutse lafiyayye ne ko a cikin ruwa kake tsaye ba abin da zai same ka.

Ta juya. Ta tsaya. Ta sake juyawa.

“Ya yi nauyi, Auta.”

Na ce, “Ba wanke daɓenki ba ne, Yaya. Gyarana ne. Waya na bari tsirara a ciki, mitar da na gwada da ita batirinta a mace yake, ban duba ba.”

Na buɗe dutsen a gabansu. Ga ta nan kwance a jikin ƙarfe, har ta yi ɗan baƙin tabo.

Sitati ya daɗe yana kallon wayar, ya kalli hannunsa. Da ya samu maganar sai ya ce shi ne ya tsaya a kaina yana azalzala ta. Na ce a'a, kada ya ɗauke mini ko kaɗan.

Yaya ba ta yi kuka ba. Hannunta yana kan kwalin. Ta tambaye ni jiya na gano? Da na ce e, da an wuce wurin. Na ce jiya na tabbatar, amma batirin tun ranar Alhamis ta farko na gani.

Na ga tana ƙirgawa a ranta.

“Kwana goma sha takwas,” ta ce. “Kana zaune kusa da ni a bencin nan. Na kama hannunka. Na durƙusa a gabanka ina neman gafara, kana riƙe da leda.”

Na ce ina so in tabbatar ne.

Ta ce, “Kuskuren hannu kowa yana yi, wannan na yafe tun kafin ka rufe baki. Sa mana fiyus ɗinmu ka tafi.”

Na sa. Na kai hannu zan ɗauki kwalin, ta ɗora nata a kai. Na bar shi.

Da na kai ƙofa na ji ƙarar bulo a ƙasa. Ta ɗaga bokitin.

Laraba, ƙarfe biyu

Na buga waya sau biyu. Shi ya ɗauka. Ya ce tana wanki.

Asabar, da yamma

Uwar yara ta kai musu abinci. An cinye, an wanko kwanon. Ta ce Yaya ta ɗan ciko, ƙanwar mijin kuma ta tattara ta koma. Na tambaya ko an ambace ni. Ta ce an tambayi yara.

Laraba, ƙarfe sha biyu

Yaya ta zo shago yau, da dutsen a cikin jaka. Aron na maƙwabta take yi tun ranar, ya yi mata ƙanƙanta. Na miƙe har ina ture kujera. Ta ajiye shi a tebur ta ce, “Mai gyara, a duba mini wannan.”

Na yanke bakin wayar, na sa mata sabuwar riga ninki biyu, na ɗaure, na ja da ƙarfi in ga ko za ta zame. Tana tsaye, ta ƙi zama. Da na rufe na kai hannu wajen mita, sai ta buɗe jaka ta ciro kwalin sabulun. An goge shi, an naɗe wayoyinsa tsaf yadda take naɗe igiyar shanya.

Ta haɗa ja da baƙi da kanta, ta juya, ta ji nauyin. Ta raba. Ta maƙala a filogi da jikin ƙarfe, ta juya. Ta koma ɗaya ƙafar ta juya. Sakayau. Ta sake haɗa ja da baƙi, ta sake juyawa, abin da ban ma koya mata ba.

Ta mayar da komai jaka. Ta ce yatsa ɗaya ya fara motsi. Ta ce a gaida yara.

Na raka ta har bakin titi, na tsaya har ta hau mota, ko za ta juyo.

Yau kwana tara ba wanda ya ce mini Auta.